Wayar Hamdiyya Mai Faransanci

Bayan Raliya ta gama karatun kwamfuta ta dawo gida Bagudo, ta kama aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai bin ƙauyuka tana awon yara. Ita ta rubuta musu manhajar waya. Ma'aikaciyar lafiya za ta shigar da sunan yaro da watanninsa da nauyinsa, wayar ta faɗa mata ko ya rame har ya kamata a tura shi asibiti.

Duk lokacin da ta gyara wani wuri a manhajar, sai ta shiga fargabar ko ta ɓata wani ba ta sani ba. Shi ya sa ta rubuta gwaje-gwajen da ke tafiyar da kansu. Wayoyi uku ne jere a teburinta, kowace da igiyarta zuwa kwamfuta. Da ta danna maɓalli ɗaya sai su kama aiki ba hannun kowa: suna ya shiga, nauyi ya shiga, amsa ta fito. Daga ƙarshe kwamfutar ta fitar da rahoto.

Rahoton farko da Turanci ya fito, layi a kan layi. Shugaban aikin, Malam Badamasi, ya juya takardar sau biyu, ya ce shi dai ya ga rubutu amma bai ji labari ba. Raliya ta zauna mako guda ta mayar da sunan kowane gwaji jimlar Hausa. Ɗaya ya zama “Yaro ɗan wata tara mai kilo 6.4, waya ta ce a tura shi asibiti.” Wanda ya ci a sa masa kore, wanda ya faɗi a sa masa ja, ga hoton allon wayar a gefe.

Ranar kasuwar Lolo ta je wajen awo da rahoton a jaka, duk gwaje-gwaje arba'in da biyun kore. A can ta tarar da Hamdiyya, dattijuwar da ta shekara ashirin tana rataya yara a sikeli, tana rubutu a littafi, wayar na ajiye gefe. Raliya ta gaishe ta, ta tambayi dalilin ajiye wayar, ta kuma miƙa mata takardar don ta ga komai lafiya.

Hamdiyya ta sa tabarau ta bi layukan da yatsa har ƙasa.

“Ɗiyata, na gane kowane. Amma wagga waya tawa ba ta ciki.”

Ta ce wayar daga ƙetaren iyaka ɗanta ya sayo mata, da Faransanci take, ita kuwa ta saba da ita haka. Ta buga nauyin yarinyar da ke kan sikeli. Inda wayoyin Raliya ke sa ɗigo, ita wannan wayar waƙafi take sawa, 6,4. Manhajar ta watsar da waƙafin ta karanta kilo sittin da huɗu, ta ce yarinya lafiya lau.

 Raliya ta tambaya tun yaushe. Hamdiyya ta ce mako uku ke nan, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba, sai ta koma littafinta ta yi shiru.

Da ta koma Bagudo ba ta fara da gyara ba. Ta mayar da ɗaya daga wayoyin teburin Faransanci, ta rubuta sabon gwaji da kalmomin Hamdiyya, ta sake shi. Ya fito ja. Sannan ta gyara, ta sake sakin dukansu, ya koma kore. Ta kai wa Malam Badamasi rahotannin biyu, ta faɗa masa kuskuren nata ne.

Suka bi tsofaffin bayanai suka sami yara goma sha ɗaya masu nauyin da ba ya yiwuwa, daga wayoyin ma'aikata uku. Biyu a cikinsu ramammu ne. Ɗaya tuni Hamdiyya ta tura ta asibiti da idonta kawai. Ɗayan, Abbas, ɗan wata rugar wajen Sharabi ne, iyayensa sun tashi da shanu.

Kwana biyu Raliya da Hamdiyya suna tambaya a kan babur kafin su same su bakin wani fadama. Uwar ta ce ai an gaya mata yaron lafiya yake. Raliya ta durƙusa ta yi mata bayani, Hamdiyya na mayarwa da Fulatanci. Uwar ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta shiga bukka ta ɗauko zanen goyo.

Abbas ya yi kwana tara a asibiti. Ranar da aka sallame shi yana iya zama da kansa.