Tsohon Direba da Hitar Banɗaki

Ranar da Baba ya dawo gidana da zama, ko jakarsa bai ajiye ba ya gindaya mini sharaɗi. Ya ce, "Uwata, ni ba zaman cin banza na zo ba. Duk ranar da na ga ba ni da amfani a gidan nan, ɗakina na bayan gareji zan koma."

Ɗakin da yake kuri da shi kuwa, in ruwan sama ya sauko sai an jingine katifa a bango. Sai da na yi roƙo, na yi kuka, na haɗa shi da maigidana, kafin ya yarda ya baro shi. Baba tsohon direban tirela ne. Ƙafa ta yi nauyi, hannu ya fara rawa, amma har gobe gani yake duk abin da ke ƙara a duniya inji ne, kuma shi ne likitansa. Ya kwance fankar falo, ta koma juyawa tana kaɗa kai. Ya taɓa ƙararrawar ƙofa, yanzu sai baƙo ya tafi take kuka. Duk na haɗiye, don ni dai ya zauna kusa da ni.

Ana nan sai hitar banɗaki ta fara nata iskancin. Wata farar tukunya ce maƙale a bango, sama da famfo, da ba ruwan kowa da ita. Sai ta tsiri gurnani da ƙugi. Yau ta ba ka ruwa kamar daga firji, gobe ta ba ka wanda zai fige kaza. Ga kuma wani siririn bututu a gefenta yana ɗiga, ɗis, ɗis, har tayil ya fara kore.

Kowa a gidan ransa ya ɓaci, ban da Baba. Wallahi na daɗe ban ga fara'arsa irin ta ranar ba. Ya ɗauko sukudireba, ya hau kujerar roba, ya dafa tsininta a jikin hitar, ya kanga kunne a ƙotar, ya lumshe ido.

Na ce, "Baba, don Allah ka sauko, za ka faɗi."

"Yi mini shiru, ina sauraro." Can ya gyaɗa kai. "Lagireto ne. Zafi take ɗauka, ga shi tana yoyo. A hanya in mota ta yi mana haka, ba ma jiran kowa."

Ya yanko tsohuwar robar tiyub, ya fere ɗan itace ya cusa a bakin bututun, ya naɗe shi tamau. Ɗigar ta tsaya cak. Ranar har loma ya ƙara, yana ba yara labarin yadda ya taɓa ɗaure salansar mota da igiyar shanya.

Washegari da safe maigidana ya shiga wanka. Ban san yana da irin wannan muryar ba sai ranar. Ya fito da tawul, kumfa a kunne, kafaɗa jawur, yana tsalle da ƙafa ɗaya. Baba ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Ka ji zafi ko? Ai ta warke ke nan."

Bawan Allah ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba, sannu da ƙoƙari." Yana ja na kicin ya sauke murya. "Ki kira masu gyara yau ɗin nan, in ba haka ba a masallaci zan riƙa wanka."

To fa. In na kira, na gaya wa Baba ke nan bai iya ba. In ban kira ba, a dafa mini miji. Na buga wa wani kamfanin gyaran hita, suka turo mutum da motarsu: wani ƙato mai gashin baki, da rigar aiki shuɗiya da akwatin kaya. Tun a bakin ƙofa na tare shi.

Na ce, "Injiniya, alfarma nake nema. Mahaifina ya riga ya taɓa ta. Duk abin da ka gani, ka nuna kamar shi ne babba, kai taya shi ka zo yi."

Ya bugi ƙirji. "Hajiya, kin zo gida. Ni da na yi wasan kwaikwayo a makaranta? Bar mini."

A nan ya kamata in gane na ɗebo ruwan dafa kaina. Yana shiga banɗakin ya zube har ƙasa. "Ranka ya daɗe, Oga! Tun daga titi nake jin labarinka!"

Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "A wane titin?"

Injiniya bai amsa ba, don idonsa ya riga ya sauka a kan robar. Gashin bakinsa ya miƙe. Ya yi wuf ya kashe makunnin hitar, ya daka tsawa, "Innalillahi! Wane mahauka..." Na yi tarin da sai da maƙogwarona ya yi zafi. Ya haɗiye sauran. "Wane... mai hikima ne ya yi wannan ɗaurin?"

Baba ya ce, "Ni ne."

"Kai, ɗauri ya yi kyau! Sai dai, Baba, wannan bututun ta nan take numfashi. In zafi ya yi yawa, ta nan take rage ƙarfinsa. Ga shi ɗan abin da ke yanke mata wuta in ruwa ya tafasa ya mutu. An toshe nan, can ba birki. Da an ƙara kwana a haka, tukunyar nan fashewa za ta yi, har bangon ya tafi." Ya tuna da alkawarinmu, ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Amma fa ɗauri, ba ƙarya, ɗauri ya yi kyau."

Baba ya zuba wa robar ido. Ni kuwa ji na yi kamar in shige cikin bokiti.

Injiniya ya zuƙe ruwan tukunyar kaf, ya zaro ƙarfen da ke dafa ruwan. Duk dattin ruwa ya daskare a jikinsa, fari fat kamar alli. Ya ce wannan ne ke sa ta gurnani. Ya wanke cikin, ya sa sabon ƙarfe, ya canja abin yanke wutar da bawul ɗin da ke sakin zafi ta bututun gefen. Aiki dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bakinsa ne ba ya gyaruwa. Kowane noti zai taɓa sai ya waiwayo.

"Baba, dama ta hagu ake kwancewa?"

"A garinku ta ina ake yi?"

"Baba, wannan sifana ce ko?"

"A'a, cokali ne."

Da ya gama, ruwa ya zo daidai, ba gurnani, ba ɗiga. Yana fita ya kashe mini ido, a gaban Baba, ya ce da ƙarfi, "Hajiya, yaya kika ga wasan nawa?"

Na raka shi da harara har mota. Da na dawo, Baba ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Na tsaya ina kasa kunne ko zan ji ana jan zif ɗin jaka. Da na kasa daurewa na yi sallama na shiga. Yana zaune a bakin gado, ya zuba wa hannayensa ido.

Ya ce, "Yaran nan ma a nan suke wanka."

"Ba abin da ya faru, Baba."

"Saura kaɗan ya faru. Kuma kika ɗauko ƙato kika sa shi yana yi mini rawa kamar yaron goye." Ya ja numfashi. "Gaya mini gaskiya, Uwata. Mutumin da ba ya iya gyara komai, zaman me yake yi a gidan mutane?"

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, har na rasa wanne ya fi. Na ce, "Gidan mutane? Baba, lokacin da nake yarinya a gidanka, me nake gyara maka?"

Ya ɗan yi tunani. "Ke? Ɓarna kawai kika iya. Har yashi kin taɓa zuba mini a tankin mai."

"To, ka kore ni?"

Ya juya fuska wajen taga, ya daɗe yana goge ido da bakin hularsa, wai ƙura ce ta faɗa masa. Ni ma ban matsa ba, na tsaya ina jira.

Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Je ki tara mini ruwan wanka. Ki cika bokitin, tunda ba sauri nake yi ba."