Bidiyon Hajiya Zahra'u

Kafin yaƙin Sudan, Sharfuddeen ne kaɗai a garin Mai Wurno yake gina wa mutane shafin intanet. A Madani ya yi karatun kwamfuta, ya dawo gida ya kama ɗan ɗaki a bakin kasuwa, kusa da inda motocin Sennar ke lodi. Cikin shekara huɗu ya gina shafi tara: na makaranta, na masu gonar ayaba a bakin kogi, na matatar man riɗi, da irinsu. Wata biyu kafin a fara harbi ya sayo kyamara mai ƙafa uku da makirufo. Tunaninsa shi ne mutanen da suka riga suka yarda da shi a kan shafi ba za su ƙi bidiyo ba, tunda yanzu kowa kallo yake, ba karatu ba.

Bai ɗauki ko ɗaya ba yaƙin ya iso. Kyamarar ta yi fiye da shekara a cikin buhun dawa a ɗakin mahaifiyarsa.

Da hanyoyi suka buɗe, mutane suka fara komawa gidajensu, sai ya fito da ita ya kakkaɓe, ya bi lambobin mutanensa tara. Biyar ba sa shiga. Shugaban makarantar ya ɗauka daga Gadarif, ya yi masa barka da arziki, ya ce har yanzu 'yan gudun hijira ne a cikin azuzuwan. Mai gonar ayaba ya rasu, ɗansa ne ya amsa. Saura biyu ke nan, Alhaji Jibirin mai matatar man riɗi a Abu Na'ama, da Hajiya Zahra'u shugabar ƙungiyar mata masu sayar da zoɓo da busasshiyar kuɓewa a Dinder.

Ya fara da Alhaji Jibirin. Ya same shi zaune a rumfar ƙofar gida, ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Bayan gaisuwa da gahawa, Sharfuddeen ya buɗe waya ya shiga bayanin da ya daɗe yana maimaitawa a ransa. Ya ce 'yan kasuwar Port Sudan ba su san wanda ya tsira da wanda bai tsira ba, minti biyu na bidiyo sun isa su nuna musu cewa matatar na nan. Za a ga riɗi yana shiga, mai yana zuba, a ga Alhaji da kansa yana magana. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya miƙe ya ce su je.

Ƙofar matatar a buɗe take, don babu ƙyaure. A ciki babu komai sai ƙusoshi huɗu a cikin siminti inda injin ya zauna shekara ashirin, da baƙin tabon mai a ƙasa. Awakin maƙwabta sun mayar da wurin makwanci.

“Ga shi nan, ɗana. Ɗauki,” in ji Alhaji.

Sharfuddeen ya rasa inda zai sa idonsa. A hanyar komawa rumfa Alhaji ya ce dama yana neman sa, akwai alfarmar da yake so. Mutane suna ganin shafin matatar suna kiran sa suna tambayar jarka nawa ce, kuma kowane kira sai ya sake ba da labarin daga farko. Ya gaji. A rufe shafin.

Ya rufe shi a wannan yammacin, a shagon da ake sayar da intanet da awa. Shi ne shafi na farko da ya taɓa ginawa.

Matarsa Huda ta ce kada ya je Dinder, ya sayar da kyamarar ya nemi aikin rake a Sennar kamar yayanta. Bai ce mata a'a ba. Ya dai kira Hajiya Zahra'u, ya fara bayani da murya ƙasa-ƙasa, yana jiran ta ba shi haƙuri. Bai kai rabi ba ta tambaye shi ko bidiyon zai kai ko'ina, har wajen ƙasa. Ya ce zai kai. Ta ce ya zo ranar Laraba.

Ya tafi da ƙarfin gwiwa irin wanda ya manta yana da shi. A mota yana tsara yadda zai baza zoɓo a rana, ja a kan farin zane, da hannayen mata suna tsincewa. Da ya isa gidan ƙungiyar ya tarar an share tsakar gida, an ajiye kujera ɗaya a inuwar darbejiya. Bai ga zoɓo ba. Ya tambaya, Hajiya ta ce bana ba su noma ba, ya dai kafa abinsa.

Ya kafa, ya maƙala mata makirufo a gefen lulluɓi. Ta zauna, ta ciro hoto daga jaka ta riƙe a ƙirji da hannu biyu.

“Sunana Zahra'u Abdussalami, daga Dinder,” ta ce. “Wanga ɗana na, Mahadi, shekarunsa ashirin da shida, direban tarakta. Ya hita ran da muka gudu, ya ce zai koma shi ɗauko kakarsa. Kakar ta iso. Shi bai iso ba.”

Ta faɗi launin jallabiyar da ke jikinsa, ta faɗi lambar waya sau biyu a hankali, da Hausa sannan da Larabci. Ba ta yi kuka ba. Sharfuddeen yana tsaye bayan kyamara, hannunsa a kan maɓalli, bai san ko ya tsayar ba. Haske ya faɗo mata daidai, sautin ya fita tas.

Da ta tashi, wata mata ta zauna da nata hoton. Sai a lokacin ya lura da matan da ke zaune a jikin bango, kowace da abu a hannu, wata katin shaida, wata hoton biki da aka yanke gefe. Goma sha ɗaya ya ɗauka kafin batir ya mutu. Uku suka rage, suka ce babu komai, Allah ya sa na sauran ya yi amfani. Da Hajiya ta kawo maganar ladan aikinsa, ya ce ta bari.

Kwana uku ya yi yana gyarawa, yana sa sunaye da lambobi a ƙasan kowace fuska. Ya ɗora su a shafin ƙungiyar, a saman tsofaffin hotunan zoɓo, ya tura wa duk wanda ya sani a Masar da Saudiyya. Mutane suka yi addu'a a ƙarƙashi. Babu wanda ya ce ya ga kowa.

Kowace Juma'a Hajiya Zahra'u takan kira ta tambayi mutum nawa suka kalla. Yakan faɗa mata, ta tambaye shi ko wannan da yawa ne, ya ce da yawa ne. A mako na shida adadin ya tsaya cak, ya ci gaba da ƙara mata kaɗan-kaɗan da bakinsa.

A mako na tara ta ce ta gane inda matsalar take. Ta manta ba ta faɗi cewa Mahadi yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu ba, kuma mai yiwuwa ya rame, ba za a gane shi da hoton ba. Ko zai dawo su sake ɗauka?

Huda tana kusa tana tankaɗe, ta ji komai. Ta ɗago ta dubi Sharfuddeen.

“To, Hajiya,” ya ce. “Laraba, in Allah ya yarda.”