Hannun Najib

Ranar Babbar Sallah, Hausawan Greensboro ta Amurka a gidan Alhaji Ɗantala suke ƙarewa, can McLeansville, don shi ne mai fili da bishiyoyin da za a rataye rago ba tare da maƙwabci ya leƙo ta katanga ba. Maza na fiɗa a inuwa, mata na suya a gareji, ƙananan yara na guje-guje suna faɗa da Turanci.

Hisham, ɗan Malam Zubair, yana tsugune a gefe yana wanke hanji. Shekararsa goma sha bakwai. Najib ne ke riƙe masa tiyon ruwa, yana kuma fesa masa a ƙafa da gangan.

"Ka bari mana."

"Tiyon ne ba ya jin magana," in ji Najib, bai ko yi murmushi ba.

Tun suna yara suke islamiyyar Asabar tare. A bana ne abin ya sauya, Hisham bai san ranar da ya fara ba. Sai a makon jiya, da Najib ya tashi daga aiki a wani kanti a titin Wendover, suna ratsa wajen ajiye motoci, Najib ya kama hannunsa. Bai sake shi ba har suka isa mota. Tun daga ranar, in Hisham ya zo alwala sai ya tsaya yana kallon hannun nan, ruwa na zuba, tsoro da daɗi sun cakuɗe masa a ƙirji har ba ya iya raba su.

Anti Suhaila ce ta fito da tiren soyayyen nama. Nas ce, ta daɗe a Amurka fiye da kowa a wajen, kuma ba ta iya ƙasa da murya ba. Ta ajiye tiren a gaban manya, ba ta koma ba.

"Malam Zubair, ba gulma na kawo ba, amma ka ja wa yaronka kunne. Da idona na gan su a Wendover, shi da ɗan gidan Maazou, hannu cikin hannu kamar ango da amarya."

Wuƙaƙe suka tsaya. Hanjin ya suɓuce daga hannun Hisham ya faɗa cikin roba. Ya ji kunnuwansa sun toshe, kamar lokacin da jirgi ke sauka. Bai iya ɗaga kai ya dubi Najib ba, ruwan tiyon kawai yake gani yana malala cikin ciyawa.

Sai ya ji dariya. Dariyar mahaifinsa ce.

"Hajiya, shi ke nan abin? Riƙon hannu?" Malam Zubair ya goge gilashinsa da gefen riga. "Ni da aminina Sale daga Ƙofar Mata har Sabon Gari muke tafiya riƙe da hannun juna. Da gemunmu fa!"

"Malam, nan ba Kano ba ce."

"Bon, Hajiya, ke dai ƙasar nan ta gama da ke," in ji Maazou, mahaifin Najib, mutumin Damagaram mai surka Hausa da Faransanci, yana tauna tsoka. "A wajenmu wanda bai riƙe hannunka ba ai bai ɗauke ka aboki ba."

Malam Zubair ya miƙa hannu ya damƙe na Maazou, duk maiƙo, ya ɗaga sama. "To ga shi, na riƙe na wannan Badamagaren, duk da ban san inda ya sa shi ba. A kira mana 'yan sanda!"

Wajen ya kaure da dariya. Alhaji Ɗantala har da tari. Anti Suhaila ta taɓe baki ta ɗauki tirenta.

Da a nan abin ya tsaya, da Hisham ya samu ya yi numfashi. Amma mahaifinsa malamin jami'a ne, ba ya barin darasi a rabi.

"Hisham! Najib! Ku zo nan."

Suka zo, ƙafafunsu jiƙe.

"Ku riƙe hannun juna. Ku riƙe mana! Kada ku yarda mutanen nan su sa muku ƙazamin tunani a abin da kakanninku suka yi da zuciya ɗaya." Ya juya ga jama'a. "Waɗannan 'ya'yanmu ne, mu muka haife su. Ba irin waɗancan ba ne."

Najib ne ya fara miƙo hannu. Sanyi ƙalau. Hannun da Hisham ya yi mako yana tunani, ga shi an damƙa masa a gaban mahaifinsa, a gaban liman, ana tafi. Wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya ce zai sa a zauren WhatsApp na 'yan gida. Hisham ya ji bakinsa ya buɗe da kansa ya yi abin da ya yi kama da murmushi. Kalma biyu ce kawai ke masa amsa-kuwwa a ka: irin waɗancan.

Da aka koma kan nama, Najib ya ja shi bayan rumbun da Alhaji ke ajiye injin yankan ciyawa. Ya jingina da bango yana dariya marar sauti, idonsa ya yi ja.

"Ka gani? An ba mu lasisi. Yanzu ko a masallaci muka riƙe, al'ada ce."

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji."

"Mu ne waɗancan ɗin, Najib."

Hisham bai taɓa faɗa ba, ko a zuci. Da ya ji maganar ta fito daga bakinsa sai ya dafa bango. Ya jira ƙasa ta yi wani abu. Ba ta yi ba. Daga gareji ana jin mai na ƙara a kasko.

Dariyar Najib ta ɗauke. "Ka san halin Papa. Don Allah, duk abin da za ka yi, kada sunana ya fito."

"Ba zai fito ba."

Bayan la'asar Umma ta ce Hisham da mahaifinsa su wuce da kason namansu kafin ƙanƙara ta narke, ita za ta biyo Anti Suhaila in an gama suya. Suka ɗora babbar kula a but ɗin mota, uba da ɗa, suka kama hanya. Malam Zubair na cikin nishaɗi, yana ta labarin Sale: yadda suka raba keke ɗaya, yadda Sale ya yi kuka a filin jirgi. Gonaki suka wuce, gidaje suka fara matsowa kusa da juna. Hisham na kallon hannun mahaifinsa a kan sitiyari. Wannan hannun har yanzu yakan kamo nasa in za su tsallaka titi, da girmansa, ya yi ta jin kunya yana zamewa. Ya san in ya yi shiru, hannun ba zai taɓa fasawa ba. Shiru kawai ake nema a wajensa, kuma an ma shimfiɗa masa inda zai ɓoye.

Kullum da Turanci yake amsa wa mahaifinsa. Yau da Hausa ta zo.

"Baba."

"Na'am."

"Riƙon da na yi, ba irin naku da Baba Sale ba ne."

Malam Zubair ya yi 'yar dariya. "To wane iri ne?"

"Shi Najib a bar shi a gefe, bai san komai ba. A kaina nake magana." Ya juyo ya dubi mahaifinsa. "Anti Suhaila ba ta yi kuskure a kaina ba."

Motar ta ɗan karkace, na baya ya danna hon. Malam Zubair ya daidaita ta. Bakinsa ya motsa, Hisham ya gane salati ne, amma sauti bai fito ba. Suka wuce kwanar gidansu. Suka wuce ta gaba. Manyan kantunan Wendover suna ta shuɗewa, mahaifinsa na kallon titi ido buɗe kamar wanda aka sauke yau a garin. Sai da suka kai wata danja mai nisa sannan ya juya kan motar.

A gaban gidan benen da suke haya ya kashe inji. Suka zauna. Hisham na jin zuciyarsa har a haƙora, amma ga mamakinsa, bai ji yana son janye ko kalma ɗaya ba.

Malam Zubair ya fita, ya buɗe but, ya tsaya a kan kular. Ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya, kuma hawa na biyu suke. Ya daɗe a tsaye. Gilashinsa ya zamo kan hanci, bai gyara ba.

"Zo ka kama can," ya ce, muryar kamar ba tasa ba.

Hisham ya kama hannun kular ɗaya, mahaifinsa ya kama ɗayan. Suka fara hawa, ƙanƙara na kaɗawa a ciki. A tsakiyar matakala nauyin ya rinjayi ɓangaren Hisham, ya yi tangal-tangal. Mahaifinsa bai waiwayo ba, amma ya tsaya cak, ya jira har ya gyara riƙo.