Keken Perzidan

Ƙungiyar ƴan tseren keke ta garinmu Dakoro sunanta Guguwar Arewa, kuma duk wanda ya raɗa mata wannan suna bai taɓa ganin guguwa ba. Maza ne masu gemu, wasunsu har da ƴaƴa masu karatu a lakwal, amma da la'asar sai ka gan su sun matse cikin gajeren wando kamar an ɗura gero a ƙaramin buhu, kowa da hular roba a ka, suna bin hanyar Korahane suna haki. Ni Rahinatu ina sayar da fura da ruwan sanyi a bakin hanyar da suke fita, don haka babu abin da ke wuce ni. Da ba don ƙanena Yazidu yana cikinsu ba, da dariya kawai zan riƙa yi musu kamar kowa.

Mai ƙungiyar shi ne Abdulrauf, ɗan wani dillalin shanu da ya rasu ya bar masa abin da hannunsa bai tara ba. Ya je Yamai ya ga ma'aikata suna hawan irin kekunan nan masu kaurin taya da ke shiga daji, sai ya dawo da su cike da mota, ya rarraba wa samari, ya ce daga ranar a riƙa kiransa Perzidan, wato shugaba. Aro ya ba su, ba kyauta ba. Kowane keke nasa ne, riga tasa ce, har famfon iska a gidansa yake kwana. Ga shi da tumbi, ga gajeren numfashi, amma a ransa ya yi imani babu wanda ya kai shi gudu daga nan har Maradi.

Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, yaransa ne suka koya masa. In sun fita motsa jiki, masu ƙarfi sukan yi gaba su bar shi yana fama da rairayi. Amma da sun dawo bakin gari, daidai wani itacen bedi da ke kusa da rumfata, sai kowa ya sauka. Wannan ya ce sarƙa ta zame, wancan ya ce ƙaya ta shiga tayarsa, wani ya tsuguna yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Haka za su yi ta wasan yara har Perzidan ya iso ya wuce su, ya shiga gari a gaba yana ɗaga wa mutane hannu. Sannan su hau su bi shi suna yaba ƙafarsa. Babu wanda ya taɓa kafa musu wannan doka da baki. Wani mai suna Mamani ne ya taɓa mantawa, daɗin gudu ya ɗebe shi ya shige gari a gaba, kuma kafin sallar magariba an aiko an karɓi kekensa. Tun daga nan babu wanda ya sake mantawa.

Shi Yazidu keken nan ba abin wasa ba ne a wurinsa. Tallar burodi yake kai wa ƙauyuka da sassafe. Da tsohon kekensa rabin tafiyar turawa yake yi, kafin ya isa masu shayi sun tashi. Da na Perzidan kuwa yana ratsa rairayi ya sayar ya dawo kafin rana ta yi zafi, kuma da wannan yake ciyar da matarsa da jaririnsu. Wannan tallar ce ta sa ƙafarsa ta fi ta kowa a ƙungiyar. Kowa ya sani, har shi Abdulrauf ɗin ina zaton ya sani in yana shi kaɗai.

Bayan an gama girbi aka shirya babban tsere, aka gayyato ƴan Kornaka da Korahane da Sabon Maci. Za a tashi daga bakin gari, a ratsa gonakin da aka yanke, a hau tudun rairayi, a gangara ta busasshiyar ƙorama, a zagayo a dawo inda aka tashi. Ana gobe tsere Abdulrauf ya sa aka zaga gari da lasifika ana shela cewa duk ɗan Guguwar Arewa da ya ciyo wa Dakoro kofi, keken da yake kai ya zama nasa har abada.

Da yamma na sami Yazidu a tsakar gida yana goge keken da tsumma, tsinke ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa Allah ya kawo masa ranarsa, ya bar tsugunne-tsugunnen nan ya taka ya ci abinsa. Bai ɗago kai ba.

"Yaya, ke ba ki san yadda abin nan yake ba," ya ce. "Perzidan ya hwaɗi haka nan don mutane su ji. Ki tambayi Mamani."

Na ce masa wancan motsa jiki ne, wannan kuwa tsere ne da baƙi, a gaban gari duka. Ya ce to, irin to ɗin da yake yi mini tun yana yaro in ba zai yi abin da na ce ba. Na bar shi raina a ɓace.

Ranar tsere gari ya fito. An zuba farin toka a ƙasa an ja layi, ɗan gaba kaɗan da itacen bedin nan. Ƴan Guguwa suka zo da sababbin riguna masu ruwan ɗorawa, Perzidan har da baƙin tabarau da safar hannu. Baƙin kuwa kowa da abin da ya samu. A cikinsu akwai wani dogo siriri daga Korahane mai suna Intalla, ɗan makiyaya, a kan wani baƙin keke da aka ɗaure sirdinsa da roba. Ƴan Guguwa suna ta nuna shi da baki suna dariya. Aka busa usur, suka tashi, namu sun kewaye Perzidan sun sa shi a gaba kamar masu rakiyar ango.

Abin da ya faru a daji, masu babur da ke bin su ne suka riƙa kawo mana labari. Tun a gonaki baƙi suka ga namu ba su da niyyar sauri, suka ratsa ta gefe suka yi gaba. A gindin tudun rairayi Perzidan ya sauka yana riƙe da ƙirji, ya zauna ƙarƙashin wata aduwa, ya ce wa yaransa su je su tare baƙin nan, yana tafe. Sauran suka tsaya suna yi masa fifita da huluna. Yazidu kaɗai ya hau. Wani mai babur ya rantse mana bai taɓa ganin mutum ya ci rairayi haka ba. Ya kamo ƴan Sabon Maci a kan tudu, ya bar ƴan Kornaka a ƙorama suna tura kekunansu, ya wuce Intalla daga ƙarshe. Da na ji haka na bar wa maƙwabciyata ƙwaryar fura na kutsa har bakin layi. Ba zan ɓoye ba, ƙirjina ya cika da alfahari, har na ji hawaye.

Can sai ga rigarsa ta ɓullo daga cikin karan gero, shi kaɗai, babu kowa a bayansa iyakar ganin ido. Mata suka fara guɗa, makaɗa suka saki ganga. Ya taho, ya taho, har ina ganin gumin da ke zuba daga haɓarsa. Da ya zo daidai itacen bedi, sai na ga ya waiwaya. Ya ja birki. Ya sauka, ya tsuguna, ya kama sarƙar da babu abin da ya same ta yana jujjuyawa.

Da farko mutane sun zaci da gaske ne. Wasu suna ce masa ya ɗauki keken a kafaɗa ya ruga, tunda layin bai fi jifan dutse ba. Ni da na sha ganin wannan tsugunnon na san ko mene ne. Na tsallake igiyar da aka tare mutane da ita na je kansa.

"Yazidu, tashi ka shiga," na ce masa. "Mi kake jira?"

"Yana tahe, Yaya. Shi ya ce yana tahe."

Na ce masa mutumin da ya bari a gindin aduwa ko da jaki ba zai iso yanzu ba. Ya ci gaba da murza sarƙa, idonsa a kan hanya. A rayuwata ban taɓa jin kunya da takaici sun haɗu mini wuri ɗaya kamar lokacin ba. Na so in mare shi, na so kuma in rufe shi da mayafina kada mutane su gan shi.

Intalla ya iso a gajiye, bakinsa ya yi fari. Da ya ga Yazidu a tsugunne ya rage gudu ya tambaye shi ko lafiya, har ya ce in sarƙa ce ya taimaka masa. Yazidu ya ce lafiya lau, ya ce masa ya wuce abinsa. Bawan Allah ya dube shi, ya dube ni, ya taka ya haye layi. Bayansa ƴan Kornaka suka shige, sannan na Sabon Maci, har da wani dattijo mai furfura da ya shigo yana tura kekensa da taya a sace. Gangar ta yi shiru. Yara suka kewaye ƙanena suna kwaikwayon tsugunnonsa.

Sai da rana ta take sannan Perzidan ya iso, a kan amalanken shanu, zaune bisa damin kara, kekensa a kwance a gefensa, sauran ƴan Guguwa suna biye a hankali don kada su wuce amalanken. Ya sauko yana ɗingishin da bai tashi da shi ba, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa jijiya ce ta riƙe shi. Da aka gaya masa yadda aka yi, ya juya kan Yazidu a gaban jama'a. Ya ce ya zubar da mutuncin Dakoro, ya ce ya ba shi keke mafi kyau ya kasa kai shi layi, ya ce dama mai tallar burodi ba ya zama ɗan tsere. Waɗanda suka yi masa fifita a daji suna gyaɗa kai, wani har yana cewa gaskiya ne Perzidan.

Sannan ya kira Intalla, ya dafa kafaɗarsa, ya ce irinsa ake nema a Guguwar Arewa, kuma ga keke nan ya hau tun daga yau. Ya nuna na Yazidu. Intalla ya ce zai yi shawara da mutanen gida. Perzidan ya ce ya tafi da shi ya yi shawarar a kansa. Ƙanena da kansa ya ciro ƙasan rigarsa ya goge sirdin, ya turo keken ya miƙa da hannu biyu yana rusunawa. Ita ma rigar aka ce ya tuɓe ya bayar.

Muka kamo hanyar gida a ƙafa, shi da ƴar singileti, ya ɗaukar mini ƙwarya da bokitin ruwa. Ina ta tunanin yadda zai kai burodi gobe, da abin da zai gaya wa matarsa. Har mun kusa ƙofar gida sai ya rage tafiya, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, kina ganin dai ya lura da na jira shi?"

Na karɓi ƙwaryata daga hannunsa na shige gida.