Gwiwar Zulkifilu

Kada wanda ya ce min ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, amma ta bakina ta biyo.

Zulkifilu ƙanena ne, ɗan kawuna. Ɗan wasan tsakiya ne, lamba takwas, shekararsa uku yana buga wa wata ƙungiya ta kudu a babbar gasar ƙasa. Ba ya yawan gudu. Kai yake ɗagawa ya duba, ya ajiye wa ɗan gaba ƙwallo inda ko gurgu zai ci. Har wani wakilin 'yan wasa ya yi alkawarin kai shi gwaji ƙasar waje bayan Babbar Sallah.

Ya zo hutun Sallar, mu kuma muna da wasan ƙarshe da Rogo. Shekara huɗu suna lallasa mu, har ta kai ɗan Karaye ba ya shan shayi a kasuwarsu cikin kwanciyar hankali. Ni ne kocin 'yan garinmu. Na same shi a zaure yana cin soyayyen nama, na ce ya buga mana.

"Yaya Iro," in ji shi, "takardar da na sa wa hannu ta hana ni buga wa wata ƙungiya wasa. In suka ji, kora ce."

Na ce, "Wa zai kai musu labari daga Karaye? Rabin awa kawai. Ko ka ci abincin kudu ka fi ƙarfin garinku?"

Ya sunkuyar da kai. A gidanmu ƙane ba ya ce wa yayansa a'a sau biyu, kuma da saninta na faɗa.

Filin makaranta ne. An yi ruwa, shanu sun bi ta kai, rana ta busar da sawunsu. Minti ashirin da shigarsa ya ba da ƙwallon da muka ci. Yana juyowa ƙafarsa ta dama ta faɗa rami, jikinsa ya tafi, gwiwar ta tsaya. Mutane na ihun murna, ni kuwa na ji ƙarar.

A nan na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko. Na ce in aka je asibiti za a yi takardu, ƙungiyarsa ta gane. Sai muka ɗauke shi zuwa Kurugu, wurin Malam Audu mai ɗori. Mutumin kirki ne, ya ɗora karaya ta fi ɗari. Ya ja ƙafar, ya murza, ya shafa man shanu, ya ɗaure da karare, ya ce targaɗe ne. Muka buga wa ƙungiya waya muka ce babarsa Hajo ce ba lafiya.

Wata biyu gwiwa na kumbure kamar kabewa. Da likitan ƙungiya ya ɗauki hoto daga baya, sai ya ce ƙashi lafiya lau yake, jijiyoyi ne suka tsinke, ja da murza suka ƙarasa su. Ya tambaya me ya hana mu zuwa a makon farko. Ƙungiya ta sallame shi, wakili ya daina ɗaga waya.

Yanzu acaba yake yi tsakanin Karaye da Rogo, da ƙafar hagu yake tayar da babur. Kofin da muka ci ya yi tsatsa, Hajo na zuba wa kaji ruwa a ciki.

Da zai zage ni, wallahi da na samu sauƙi. Bai taɓa ba. Kullum da safe yakan biyo ta ƙofar gidana, ya kashe babur, ya sauko ya gaishe ni. Sai ya yunƙura zai durƙusa kamar yadda aka koya masa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ya dafa bango.

"Ka yi haƙuri, Yaya," yakan ce. "Ba raini ba ne."