Ƙarfen da Ba Ya Ja

Shekara goma sha tara Malam Abdulsalam ya yi yana bin rugage yana yi wa shanu allurar rigakafi, sha ɗaya daga ciki a kan babur guda. Ofishin dabbobi na Potiskum ne ya ba shi babur ɗin, daga ranar kuma ofis ya manta da su duka biyun. Wilin gaba da na baya na ƙarfe ne masu sifok. Sun sha duwatsu, sun sha guduma, har sun daina zama zagaye, sai dai kusan zagaye, kamar yadda albashinsa yake kusan albashi.

Babaji bakanike ne ya sa masa ra'ayin canji. Wata Asabar a kakar 1995 ya fito da wasu wili biyu daga cikin buhu, farare tas, zubi ɗaya, babu sifok ko guda.

"Alminiyum ne, Malam, 'yan Kwatano. Ɗaga ka ji. Ba nauyi, ba tsatsa, ba ɗaurin sifok duk mako. Irinsu Turawa ke tsere da su a sahara."

"Turawan da flas ɗin allura suke tseren?"

"Kai dai bayanka nake tausayi. Kullum ka shigo nan kana tafe kamar mai ruku'u."

Nan Babaji ya kama shi. Malam ya gaji da tura babur cikin yashi, ya gaji da bayansa, ya gaji har da faɗin ya gaji. Aka yi musaya, ya bar tsofaffin a garejin, ya tafi gida a kan sababbin yana jin babur ɗin kamar ya rage shekara biyar.

Ran Litinin yana da alkawari da Ardo Bappa, a wata ruga can cikin daji bayan Damagum. Ciwon huhu ya shiga garken maƙwabta. Sau biyu Ardo yana tara shanunsa ya hana su kiwo, sau biyu Malam bai zo ba: da farko babu fetur, na biyu babu ƙanƙara. Saƙon Ardo na ƙarshe gajere ne. Litinin zai tara su karo na uku, Talata kuwa zai tashi ya yi kudu, da allura ko ba allura.

Da hantsi Malam ya samu ƙanƙara a bakin tasha, ya jera kwalaben maganin a cikin flas, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ya san lissafin: a wannan zafin ƙanƙarar za ta kai la'asar, in ta narke kuma maganin ya zama ruwa mai lamba a jikin kwalba.

A kan kwalta wilin sun yi abin da aka ce. Da ya sauka daji ma, cikin yashi, har ya kama kansa yana shi wa Babaji albarka. Sai ya iso inda amalanken shanu suka kwaɓe hanya da damina, laka ta bushe ta zama kamar bulo. Ƙafar gaba ta faɗa wani rami, ya ji ƙara har cikin haƙoransa. Shi bai faɗi ba, flas bai fashe ba, amma bakin wilin ya loɓa ciki kamar gefen tsohon kwano, taya ta zame.

Bai damu sosai ba. Wannan ya saba. Tafiyar rabin sa'a akwai ƙauyen Baba Yaji maƙeri, wanda ya miƙar masa da tsohon wilinsa ya fi sau goma, bai taɓa karɓar komai ba sai goro. Ya tura babur ɗin har can, rana tana tsaka.

Baba Yaji ya juya wilin a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Malam, ina tsohon abokina?"

"Ya yi ritaya, Baba. Ya riga ni."

"Wannan kuwa kamar bai ci abinci ba. To, je ka yi salla. Kafin ka shafa fatiha na gama."

Malam ya cire masa taya, ya ɗauki flas ya koma gindin tsamiya. Ya yi azahar, ya ƙara wa buhun ruwa, ya jingina bayansa da itacen don ya ɗan huta. Ƙarar zugazugi ce ta yi masa waƙar barci. A makarantar koyon aikin dabbobi an taɓa koya masa wani abu game da ƙarafa da zafin da kowanne yake ɗauka, ya ma ci jarrabawar. Ilimin bai farka ba sai da salatin Baba Yaji ya tashe shi.

Shekara hamsin maƙerin nan yana aiki da ƙa'ida ɗaya: a sa ƙarfe a wuta, a jira ya yi ja, sannan a ɗauko guduma. Ya sa gefen da ya loɓa a garwashi, ya yi zuga, ya jira. Bai yi ja ba. Ya ƙara gawayi, ya ƙara zuga. Yana nan fari, kamar wuta ba ta shafe shi ba. Da ya kai awartaki zai juya shi, sai gefen ya zube cikin toka kamar kunu.

"Wallahi Malam bai ce mini komai ba," in ji tsohon. "Ƙarfe yakan faɗa maka ya nuna. Wannan shiru ya yi, sai kawai ya mutu."

Malam ya dubi wilin, tafin hannu guda ya ɓace daga zagayensa. Ya nemi wanda zai yi wa faɗa bai samu ba.

"Ba laifinka ba ne, Baba. Ni ne ban ce maka komai ba."

Babu babur a ƙauyen, keken da ke akwai kuma ya tafi kasuwa. Baba Yaji ya ɗaura bijimansa biyu a amalanke, ya ce shi da kansa zai kai shi. Bijimai ba su san la'asar ba. Malam ya rungume flas a cinya, yana jin ƙanƙarar tana kaɗawa, sannan tana ɗan kaɗawa, sannan sai motsin ruwa kawai.

Rana ta yi ƙasa suka isa. Shanu sun fi ɗari biyu a tsare tun safe, suna kukan yunwa. Ardo Bappa ya taho da sandarsa a kafaɗa.

"Likita, yau dai ka zo."

Malam ya buɗe flas. Kwalabe suna yawo a ruwa mai ɗumi. Ya san zai iya zuƙa ya tsira wa kowace saniya, a ba shi nono da addu'a, a rubuta a ofis cewa an yi. Ba wanda zai sani sai nan da wata biyu, can kudu, inda ba a san sunansa ba. Ya bar sirinji a cikin jaka.

"Ardo, maganin ya mutu a hanya. In na yi musu, wahalar allurar kawai za su sha."

Ardo ya tsoma yatsa a ruwan, ya ciro, ya goge a rigarsa. Bai tambayi dalili ba, ya riga ya ji dalilai biyu a baya.

"Ka ba ni zuwa Alhamis," in ji Malam.

"Ciyawa ba ta san Alhamis ba, Likita." Ya juya ya ɗaga sanda, aka saki shanun. Sannan ya sa aka kawo wa baƙin nono, domin baƙi baƙi ne ko da sun zo da ruwa.

Kwana biyu bayan haka Malam ya sauke babur ɗinsa daga bayan a-kori-kura a ƙofar garejin Babaji, ya ce a mayar masa da tsofaffin wilinsa. Babaji ya sosa ƙeya, ya kalli nasa babur ɗin da ke jingine a inuwa. Malam ya gane tsofaffin wilinsa a jikin babur ɗin tun daga nesa, da duk tabon gudumar Baba Yaji.

"Ai ka san ni, Malam," in ji Babaji. "Duk Juma'a ina zuwa ƙauye gaida tsohuwa. Hanyar ba kyau."