Baba Mika'il Ya Hana Shamsiya Zuwa

"Juya wayar, kar ta ga tukunyar iskan nan," in ji Baba Mika'il. Ya zare robar daga hancinsa ya cusa ƙarƙashin filo, ya gyara hula, sannan ya ce in danna kiran bidiyon ɗiyarsa.

Ƙofata da tasa suna kallon juna a hawa na uku, a unguwar Guillotière ta birnin Lyon. Mutumin Damagaram ne, shekara talatin ya yi yana wanke motocin bas na Lyon, har huhunsa ya gaji. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa Abdou yana Paris. Ɗiyarsa Shamsiya kuwa tana Amurka, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ita kaɗai take riƙe da yarinyarta Nour mai ciwon sikila.

"Papa, ça va? Ka rame fa," Shamsiya ta ce.

"Wayar Ruwaida ce, kowa ramar da shi take. Ya jikata Nour?"

Da ta kashe, sai da na taimake shi ya mayar da robar, yana haki yana dariya.

Bai iya Turanci ba, amma ban taɓa ganin mai bin labarin majalisar Amurka kamarsa ba. Kullum na dawo daga aiki, tun ina neman makulli zan ji muryarsa. "Ruwaida, ɗiyata, zancen congé ɗin nan, sun yarda?" Yana nufin muhawarar ba ma'aikaci hutu da albashi idan nasa ya kwanta ciwo. Sai in karanta masa. Wata rana a ce an ɗage, wata rana a ce tallafin abinci da na magani aka ƙara wa sharuɗɗa. Ya yi tsaki, ya ce in zuba mana shayi.

Ranar da likita ya ce saura kwanaki, na sauka bakin titi, kusa da shagon mai nama, na kira Shamsiya na faɗa mata gaskiya.

Washegari ta kira shi idanunta a kumbure. Ta yi magana da shugabarta, an ba ta sati ɗaya ba albashi, kuma ba a yi mata alkawarin za ta tarar da awanninta yadda ta bar su ba. Inshorar lafiyar Nour kuwa a kan awannin nan take rataye.

"Zan zo, Papa. Ko me zai faru."

Ya harare ni, sannan ya juya gare ta. "In kika zo, yarinyar nan ta tashi da ciwo, wa zai karɓe ta a asibiti? Ni na ci zamanina. Ban yarda ba, Shamsiya. Zauna."

Yini guda bai kula ni ba. Da yamma na kai masa kunu, ya karɓa ya ce, "Bakinki bai riƙe magana. Amma Allah ya yi miki albarka."

Abdou ya iso ran Talata a jirgin ƙasa na safe. Da la'asar numfashin Baba ya canza. A can Amurka hantsi ne, Shamsiya ta samu hutun minti goma sha biyar, ta shige ɗakin ajiyar zannuwan gado ta kira mu. Ita ta san aikin, ita ta riƙa gaya mana.

"Ruwaida, jiƙa auduga ki shafa masa a leɓe. Yaya Abdou, ɗaga kansa kaɗan. Kawo ni kusa da kunnensa."

Na kanga masa wayar. Ta yi ta maimaita kalmar shahada a hankali, leɓunansa na bin ta, har suka tsaya. Abdou ya shafe masa ido.

Muna jin wata ƙararrawa na kira a can wajenta. Ta goge fuska da gefen ɗankwali, ta ce, "Kar ku kashe." Ta jefa wayar a aljihun rigar aiki, fuskar wayata ta yi duhu. Na ajiye ta a kan filo kusa da shi. Ni da Abdou muka zauna a ƙasa, muna jin takun takalminta a doguwar baranda.